Ƙafar Kurkunu a Hanyar Yelwa

Azumi yakan zagaya shekara ya dawo inda ya taɓa tsayawa. Na bana ya sake faɗowa a bakin bazara. Tun hantsi iska take ɗaukewa, ganyen darbejiyar ƙofar gidana ya tsaya cak, kwanon rufin ɗaki ya riƙa ƙara shi kaɗai saboda zafi. Da la'asar sakaliya nakan ja tabarma inuwa in zauna jiran ladan. A nan ne shekaranjiya na ga wasu samari sun wuce a guje a gefen titi, da fararen takalma, kowa da igiyar waya a kunne. Mai shayi bai ɗaga kai ba, 'yan kabu-kabu ma ba su dube su ba. Ni kaɗai na bi su da ido har suka sha kwana, don na san abin da maƙogwaronsu yake ji. A irin wannan azumin ne ni ma na yi gudu, ba a daɗe da yanke mana Kebbi daga Sakkwato ba. Sai dai a lokacin, babban mutum ba ya gudu a bar shi ya wuce ba a tanka ba.

Amma labarin daga kwanciya ya fara.

Tungarmu, wani ɗan ƙauyen masunta, tana bakin tafkin Kainji, kudu da Yelwa, in ka nufi ƙasar Ngaski. Babanmu ya rasu ya bar mu maza biyu, da Inna. Wana, Yaya Garba, ya riƙe kwalekwale da taru. Ni kuma na riƙe ƙasa, wato gonar gero a tudu da wata fadama da muke shuka shinkafa. Tun Baba yana da rai haka aka raba, shi ruwa, ni ƙasa, tukunya kuwa ɗaya. Gonar tana da nisa da tafki, don haka in ƙishirwa ta kama mu a wurin aiki, wani kududdufi muke zuwa, mu kore kainuwa da hannu mu sha. Kowa haka yake yi. Ba mu san a nan ake ɗauko kurkunu ba.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya sa kada su san shi. Nawa ya fito an gama shuka ke nan, gero ya fara tsiro. Da farko wani ƙurji ne a idon sawuna na hagu, yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Sai ƙafar ta kumbura har gwiwa tana sheƙi. Ranar da ƙurjin ya fashe, wani farin zare ya leƙo. Inna ta samo tsinke ta naɗe kansa, kullum da safe a ja kaɗan a naɗe, kaɗan ƙwarai, don in ya tsinke a cikin nama an shiga uku. Nawa ya tsinke. Kafin wurin ya lafa, wani ya fito a sharaɓa.

Daminar nan a kan tabarma na yi ta. Ina jin ruwa yana sauka a kan jinka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta ƙofa, maza suna wucewa da sassafe suna gaisawa, fartanya a kafaɗa. Ciwon ƙafar ma bai kai wannan ba. Maƙwabta sun yi mini gayya a noman fari, Allah ya saka musu. Matata Hajo ta dama musu kunu da ɗan geron da ya rage, ta kai musu gona da goyon 'yarmu a baya. Amma da lokacin maimai ya zo, kusan kowane gida da nasa majinyacin, ba wanda ya samu sukunin waiwayar gonar wani. Ciyawa ta shaƙe geron. Fadamar kuwa ko rabinta ba a shuka ba. Da kaka ta yi, damin da aka kawo ko ƙasan rumbu bai rufe ba.

Yaya Garba ya ɗauki gida biyu a kwalekwale ɗaya. Shekarar kuma kifi ya yi wuya, taru ya yi yawa a ruwa. Sau da yawa sai ya dawo da warangi kawai, waɗannan ƙananan kifayen da ake shanyawa a kan tabarma. Hajo da matarsa su shanya, su sayar da rabi a auno dawa, sauran a jefa a miyar kuka. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ya daina hira. Dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Bayan kaka gyambunan suka bushe, amma ƙafar da suka bar mini ba tawa ba ce. Ta shanye ta zama kamar muciya, gwiwar ba ta miƙewa, dundunniyar ba ta taɓa ƙasa. Da sanda nake zuwa masallaci, in yi salla a zaune a ƙarshen sahu tare da tsofaffi.

Wata rana da la'asar Yaya yana ɗinkin taru a gindin tsamiya, ya kira ni.

"Haruna, zamna in gaya maka magana."

Na zauna, na ajiye sandar a gefe.

"Na yi magana da wani mutumin Wara. Bana shi za shi noma fadama, in an yanke a ba mu rabonmu. Kai kuma akwai mai banda a Yelwa da ke neman wanda za shi zamna mishi rumfa. Aikin zamne ne."

A wurinmu fadamar da ta yi 'yan daminu a hannun wani, da wuya ta dawo ba tare da shari'a ba. Wannan kuwa Baba ne ya sare ta da hannunsa, bayan ruwan dam ya cinye tsohon garinmu.

Na ce, "Yaya, ƙafar tana dawowa."

"Ƙafar da ba ta kai ka masallaci sai da icce, ita za ta shiga laka?" Bai ɗaga kai daga tarun ba. "Ba ƙin ka nikai ba. Gajiya na yi. In munka sake damina irin ta bara, mi za mu ci?"

Gaskiya ya faɗa. Daga baya sai ya ce ba a ƙulla maganar ba tukuna, sai ruwa ya sauka.

Akwai wani tsohon soja mutumin Zuru, Saje Bawa, da yake gadin ɗakin shan magani a garin da ke gaba da mu. Yakan zo tunga a kan tsohon kekensa ya sayi kifi. Gajere ne, baƙi wulik, gashinsa fari fat, amma in yana tafiya kamar an sa masa ƙarfe a baya. Wata safiya ya same ni ina ɗingishi zuwa bakin ruwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Ɗana, ciwon ya tafi. Sandar nan ce take cin ƙafarka yanzu."

"Baba Saje, in na sake ta faɗuwa zan yi."

"To ka faɗi mana. Ƙasa ce, ba wuta ba." Ya ɗage wandonsa ya nuna mini wani rami a cinya, inda harsashi ya shiga a yaƙin basasa. "Ƙafa jaki ce. In ka daina ɗora mata kaya sai ta manta aikinta."

Kafin in yi magana ya karɓe sandar ya wurga ta cikin tafki. Ina tsaye da ƙafa ɗaya ina kallonta tana lilo a kan ruwa. Ranar kamar in zage shi, girmansa ne ya hana.

Da haka muka fara. Duk safiyar da ya tashi daga gadi sai ya biyo, ya sa ni tafiya a kan yashin gaɓa, yana tura kekensa a gefena. Da farko iyakata inda ake ɗaure jirage. Daga baya na kai wata tsohuwar kuka da ruwa ya kashe. Na faɗi ba adadi. Ranar da dundunniyata ta taka ƙasa, na ji sanyin yashi a wurin da ya daɗe bai ji komai ba, sai na tsaya na kasa gaba. Saje ya ce, "Kada ka yi mini kuka a nan. Taka ta kuma." Daga tafiya muka koma sassarfa, daga sassarfa sai ɗan gudu, mai kama da na agwagwa.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi Saje ya zo da labari daga Yelwa. Ƙaramar hukuma za ta shirya tsere bayan salla don murnar sabuwar jiha. Rabin gudun fanfalaki ne, kilomita ashirin da ɗaya, kuma kowa yana iya shiga. Wanda ya zo na ɗaya zai sami sabon keke.

Na ce, "Gudun yada ƙanin wani ke nan. Ni ne kuwa ƙanin da za a yada."

Ya ce, "Keken ba naka ba ne, kada ma ka sa rai. Amma za ka iya gamawa."

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni gida. Washegari na sami Yaya a tsakar gida, Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Na ce masa in na gama gudun nan da ƙafafuna, ya bar mini fadama.

Ya ce, "Ni ban yin caca. Noma daban, hauka daban."

Inna ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Garba, wanda ya kwanta damina guda, in ya ce za shi tashi, ba a danne shi."

Yaya ya ɗauki filafilin tuƙinsa ya fita.

Sai azumi ya kama, zafi kuma ya sauko gaba ɗaya. Hajo takan tashe ni sahur da ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, 'yan warangi suna yawo a ciki. In ci, in sha ruwa har cikina ya riƙa ƙara kamar tulu. Bayan sallar asuba in yi ɗan gajeren gudu kafin ƙasa ta ɗau zafi. Da rana sai aikin inuwa, ɗinkin taru, ko faskaren itacen da mata suke banda da shi. Zuwa azahar leɓe ya tsage, miyau ya kafe, harshe ya yi nauyi. Ga tafki shimfiɗe a gabanka har inda ido ya ƙare, yana walƙiya kamar sabon kwano, ba damar kurɓa. Mutanen tudu suna cewa mu na bakin ruwa azuminmu da sauƙi. Ba su san wahalar kallo ba.

Dogon gudun kuwa da yamma ne. Saje ya tsara shi yadda zan iso gida daidai kiran magariba. Yakan goya ni a keke mu yi nisa, sannan ya sauke ni ya ce, "To, randa tana can. Je ka same ta." Shi Kirista ne, amma watan nan duka ban taɓa ganin ya kai ruwa bakinsa a gabana ba, ko goro bai ci ba.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin hanyar. Ruwa ya fara ja da baya, ya bar laka tana tsagewa faifai-faifai, da ɓawon katantanwa masu yanka tafin ƙafa. Shanun Fulani suna gangarowa shan ruwa, balbelu suna biye da su. Hayaƙin banda yana tashi daga kowace tunga, ya haɗu da ƙarnin kifi ya tsaya maka a maƙogwaro. Gumi ya bushe a jiki ya bar gishiri. Duk tungar da na ratsa kuma sai an tanka.

"Haruna, mi ya koro ka?"

"Ku ba shi hanya, kurkunun ya hau mishi kai."

Mata masu wanki su bar wankin su riƙe ƙugu suna dariya. Wani dattijo ya taɓa tare ni da gaske, ya riƙe mini hannu yana tambaya ko gobara ce. Maganar ta kai har gidan surukaina, aka aiko a ji ko lafiya. Ranar Hajo ta ajiye mini ruwan alwala ta tsaya.

"Malam, ni ban hana ka ba. Amma ka riƙa bin bayan gari. Na gaji da amsa tambaya a bakin ruwa."

"Kunyata kike ji?"

"Da ina jin kunyarka da ban ɗinka wannan ba."

Ta jefo mini wani wando da ta yanka daga buhun fulawa, ta ɗinka da hannu, ya sauka har ƙasan gwiwa don kada a ce na fita tsirara. Ta wanke shi ya fi a ƙirga, amma rubutun buhun bai fita ba. Kullum bayan an sha ruwa kuma sai ta ɗora ruwan zafi da gishiri ta gasa mini ƙafar, ta murza da man kaɗanya har sai na yi ƙara.

Buɗa-baki a lokacin ba shi da yawa. Kunun tsamiya ne, da ruwan randar da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu tun safe. Ƙosai sai ranar Juma'a, in Yaya ya yi sa'ar kamu. Yanzu jikokina ba sa shan ruwa sai da ƙanƙara, ga lemo kala-kala, ga kankana. Ina sha tare da su, ina gode wa Allah. Amma ban sake jin daɗin ruwa irin na moɗar nan ta farko ba, in na iso ina haki, ladan yana kira, ƙamshin ƙasar randa yana cikin ruwan, ina jin saukarsa tun daga maƙoshi har cikin ƙafafuna.

A goman ƙarshe na kusa ɓata komai. Wata yamma iska ta tsaya, sama ta yi fari. Na ji kunnuwana sun toshe, hanya ta fara juyawa. Ban san faɗuwata ba. Na farka a cikin kwalekwalen wasu masunta, an jiƙa mini riga, Saje yana yi mini fifita da hularsa. Da aka shigo da ni gida, Yaya ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Na ciyar da kai kana kwance, ban ce komi ba. Yanzu so kake ka mutu ka bar mini marainiya?"

Ya juya ga Saje, sai ya tuna da furfurarsa ya koma ya zauna. Saje ya cire hula ya ce laifinsa ne, ya matsa mini da yawa. Daga ranar ya hana dogon gudu har salla. Ya ce abin da ƙafa za ta koya ta riga ta koya, saura hutu.

Aka yi salla. Inna ta yanka zakaranta, ta zuba mini cinyoyin duka biyu a kwano. Bayan 'yan kwanaki, ana gobe tsere, ni da Saje muka shiga jirgi mai inji zuwa Yelwa. Na je yi wa Yaya sallama, ya ce Allah ya kiyaye, shi yana da aiki.

Da sassafe aka loda mu a tipa aka kai mu wata mararraba can a hanyar Kwantagora. Akwai sojoji da 'yan sanda, da ɗaliban sakandare masu dogayen ƙafafu, da 'yan bautar ƙasa, da mu 'yan ƙauye ƙalilan muna raɓe-raɓe. Aka liƙa wa kowa lamba a ƙirji. Saje ya ba ni aron takalmansa kambas na soja, sun yi mini yawa, muka cusa tsumma a gaba. Wani ɗalibi ya karanta rubutun wandona da ƙarfi, aka yi dariya, ni ma na yi.

Kafin tipar ta koma da shi gari, Saje ya ce, "In an busa, za su tashi kamar an kori awaki. Bar su su tafi. Hanya za ta dawo maka da su."

Haka kuwa aka yi. Ana busa usur suka bar ni a baya, ni da wani masinja mai tumbi. Na kama ɗan guduna na gaɓar ruwa, ina jin tsumma yana motsi a yatsuna. Rana ba ta gama ɗagowa ba na fara tarar da su, wani a zaune a gindin kalgo ya riƙe ciki, wani yana tafiya ya ɗora hannu a ka. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya, ban dubi kowa ba. A wani ƙauye an ajiye duro da ruwa, aka miƙo mini kofi. Sai na tsaya ina kallonsa. Wata guda ina gudu da busasshen baki, har jikina ya ɗauka haramun ne. Sai da mai miƙowar ya ce, "Malam, an sha ruwa fa tun tuni," sannan na kurɓa.

Abin da ban sani ba shi ne kwalta. Yashi yana karɓar ƙafa, kwalta mayar maka da dukan take yi. Da rana ta take, zafinta ya riƙa ratsa takalmin kamar ina taka tanda. Na wuce rabi da ɗan dama sai tabon idon sawu ya fara ja, sharaɓar ta ɗaure kamar dutse. Na koma tafiya, in ta saki in ɗan yi gudu, in ta kama in koma tafiya. Waɗanda na wuce suka fara wuce ni. Can sai na ji ƙarar mota a bayana, a-kori-kurar da take kwashe waɗanda suka gaza. Ta cika da mutane a zaune sun miƙe ƙafafu.

"Malam, hau mana. Ai ka yi ƙoƙari."

"Keken ma an riga an cinye shi."

Direban mutumin kirki ne, bai matsa mini ba, ya dai riƙa bina a hankali. Inuwar motar nan da wurin zaman da suka matsa suka bar mini, ban taɓa ganin abin da ya ja raina kamarsu ba. Na tuna rumfar banda, da zaman da zan yi a cikinta ina korar ƙuda har tsufa. Na ce to, in kai waccan bishiyar tukuna. Da na kai na ce in kai ta gaba.

A bakin gari, wajen wasu mangwarori, na hango mutum tsaye da buta a hannu. Tun daga tsayuwar na gane shi. Yaya Garba ne, da rigarsa ta zuwa kasuwa da silifas. Da na iso bai gaishe ni ba. Ya tuttula mini ruwan a ka, ya gangaro ta wuya har baya.

Na ce, "Yaya, ka ce kana da aiki."

"Banda na kawo kasuwa." Ya dubi ƙafar, ya dubi motar da ke bayana. "Tana ciwo?"

"Tana yi."

"To kada ka tsaya nan, mutane na kallo."

Ya tattare rigarsa da hannu ɗaya, buta a ɗayan, ya kama gudu a gefena. Mutumin da bai taɓa gudu ba tun yana yaro, silifas suna faf-faf a kan kwalta, yana haki ya fi ni. Muka ratsa ta gefen kasuwa a haka. Masu kifi da suka san shi suka fito bakin rumfuna suna kiran sunansa, bai waiwaya ba. A wani wuri silifas ɗaya ya tsinke, ya bar shi nan ya ci gaba.

Da muka shiga filin ƙwallon da ake ƙare tseren an riga an ba wani saurayin soja kekensa, manyan baƙi sun tashi, ana tattara kujeru. Igiyar da ake tsallakawa ma an naɗe ta. Saje Bawa ne ya sa aka sake warware ta, ya riƙe gefe ɗaya da kansa. Da ƙirjina ya taɓa ta, ya saki, ya ƙame ya sara mini kamar wani hafsa. Na zube a kan ciyawa. Waɗanda suka zo bayana ba su da yawa, amma masinjan nan yana cikinsu. Aka ba kowannenmu sabulu da kofin roba.

A kwalekwalen Yaya muka koma gida. Yana tuƙi, ina kwance a kan buhunan da ya kawo banda a ciki, ina kallon sama. Tun daga Yelwa har tunga bai ambaci fadama ba, ni ma ban tambaya ba. Kwanakin da suka biyo baya ko tsugunawa ba na iyawa. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Hajo tana gasa ƙafar tana cewa wannan karon ni na saya da kuɗina.

Bazara ta ƙara tsananta, sannan wata yamma gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙamshin ruwa, aka kwashe shanya a guje. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya har gari ya waye. Da sassafe na ji sallama a ƙofar ɗakina. Na fito na tarar da Yaya tsaye cikin taɓo, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu.

"Tashi mu tahi. Ko sai an busa maka usur?"

Muna cikin tafiya, ba tare da ya dube ni ba, ya ce ya aika wa mutumin Wara ya nemi wata fadamar. Ranar ya bar taru, ina sara yana zuba iri yana rufewa da dundunniya, har rana ta take. Shinkafar da na yanka a shekarar ita ce aka yi sunan ɗana na biyu da ita.

Ban sake shiga tsere ba. Saje Bawa ya koma Zuru da tsufa ya kama shi, daga baya muka ji rasuwarsa. Ni da Yaya muka yi shekaru masu yawa muna ci a kwano ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tayar mini da maganar gudun nan ba. In wani ya tayar ma sai ya miƙe ya ce zai duba jirgi. Har na ɗauka kunyar abin yake ji.

Da ya rasu, muna zaman makoki, wani dattijo dillalin kifi daga Yelwa ya zo gaisuwa. Ban san shi ba. Bayan an shafa fatiha ya matso ya tambaya wane ne Haruna. Aka nuna ni. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ashe kai ne mai gudun. Shekara da shekaru, duk ranar kasuwa sai marigayi ya ba mu labarinka, har mun haddace. Ya ce da ƙafar kurkunu ka taso tun daga Kwantagora, ka wuce sojoji da 'yan sanda, ka zo na ɗaya. Wai keken ma kai ka bar wa wani yaro don tausayi."

Mutanen tungarmu da suka san yadda aka yi suka sunkuyar da kai. Dattijon yana riƙe da hannuna, yana jira in ce wani abu.

Na ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka aka yi."